Karan Ɗori Da Kuɗin Fito

Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya asibitin Barau Dikko a nan Kaduna, ko ya leƙa kantunan magani na titin Ahmadu Bello, ya ga abin nan da likita kan rubuta wa wanda ya faɗo daga babur ya tsage a hannu, ko wanda aka cire wa filasta alhali ƙashin bai gama ƙwari ba. Wani abin ɗauri ne mai sandar ƙarfe ko ta roba mai tauri a ciki, ya kan kama hannu tun daga gwiwa har wuyan hannu. Aikinsa dai aikin karan ɗori ne, wanda maɗoranmu suka sani tun kaka da kakanni. Galibinsa daga ƙetare a ke kawo shi, saboda haka kafin ya kai ga majiyyaci sai ya bi ta hannun kwastan.

Akawun da ya riƙe littafin baitulmali zamanin En'e ya san kowane kuɗi da kan da a ke rubuta shi, in an sa shi inda ba nasa ba mai duba lissafi ba zai ƙyale ba. To, haka kayan fito su ke. Tun shekarar 1988 ƙasashe ke bin jadawali guda na Hukumar Kwastan ta Duniya, kowane irin kaya da lambarsa. Lamba 9021 ita ce ta kayan gyaran ƙashi da gaɓoɓi, watau sandunan guragu, da karan ɗori, da ƙafar roba, da abin taimakon ji. Sharhin babi na 90 ya ce abin da zai shiga nan shi ne wanda ke hana naƙasa ko gyara ta, ko ya tallafi wani sashen jiki bayan ciwo, ko aikin tiyata, ko rauni. Amma babin ya yi togiya. Abin da aka yi da yadi, wanda ba shi da wani aiki sai matse gaɓa don yana talewa, an fitar da shi, an mai da shi cikin kayan saƙa.

Mai karatu zai ce, mene ne abin jayayya a nan? Kuɗi ne. A shekarar 2015 Nijeriya ta soma aiki da jadawalin fito na ƙasashen Afirka ta Yamma, mai hawa biyar: babu ko kwabo, sai 5, da 10, da 20, da 35 cikin ɗari. Kayan asibiti suna hawan ƙasa, ɗinkakkun kayan yadi kuwa akasarinsu 20 cikin ɗari ne. A ce wani mai kanti a Kawo ya yi odar kaya na naira miliyan goma. In an ce masa kayansa na yadi ne, miliyan biyu ke nan tun bai biya mota ba, ga kuɗin ajiya yana hawa kowace safiya muddin ana gardama a Ikko. Ba shi zai ɗauki wannan asara ba. Mai karayar nan ne zai biya, in kuwa ya kasa sai ya koma gida ya ɗaure hannu da tsumma.

Mu dai ba mu ga laifin togiyar ba. Da babu ita, da kowace safar matse hannu ta 'yan wasan ƙwallo ta shigo da sunan kayan asibiti, Gwamnati ta rasa haƙƙinta. Kuma kada a zaci mu kaɗai ne abin ya ke rikita wa. A shekarar 2002 sai da Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a kan maganar irin waɗannan maɗaurai, cikin ƙarar kamfanin Lohmann da na Medi Bayreuth na Jamus. Alƙalai suka ce a dubi abin da aka yi shi da shi, da yadda ya ke aiki, da ko ana iya daidaita shi da larurar majiyyaci. Wannan ma'auni mai kyau ne, gama ko wanda bai yi karatun likita ba, in ya danna da yatsa zai san ko akwai sanda ko babu.

Abin da ya dame mu shi ne a bar wannan hukunci sai kaya sun sauka, sa'an nan ejan da jami'i su tsaya ciniki kamar masu sayen akuya. Inda aka bar doka ga ciniki, mai dogon hannu ke cin riba. Ga shi kuwa an riga an yi magani. Dokar Hukumar Kwastan ta 2023 ta ba da dama, a shekarar 2024 kuma hukumar ta buɗe hanyar neman hukunci tun kafin a yi oda: mutum ya aika da bayanin kayansa, a ba shi lambarsu a rubuce, kuma hukumar ta tsaya a kan abin da ta rubuta. Fatakenmu nawa ne suka ji wannan labari?

Saboda haka muna roƙon shugabannin kwastan na shiyyar nan, tun da hedkwatarsu a Kaduna ta ke, su sa a fassara wannan hanya da Hausa, a karanta a rediyo, a kai wa ƙungiyoyin masu sayar da magani. Hukuncin da aka riga aka yanke a kan kayan naƙasassu da majiyyata a buga shi kowa ya gani, don abin da aka faɗa wa na Ikko ya zama shi za a faɗa wa wanda ya karɓi kayansa a tashar tudu ta Kakuri, wadda aka buɗe a 2018.

Su ma masu oda da nasu. Wanda ya rubuta “kayan asibiti” kurum a takarda, shi ya jawo wa kansa tsaiko. Ya faɗi ko akwai sanda, ta mece ce, ko tana hana hannu motsi, ya haɗa da takardar bayani ta masu ƙera shi. Akawunan kantuna da na asibitoci, ku ke cika waɗannan takardu, ku duba wannan layi kafin ku miƙa wa maigida ya sa hannu.