Baƙauye Ba Dodo Ba Ne

Akwai wani irin fim da Amurkawa ke shiryawa da kuɗi kaɗan, labarinsa kusan ɗaya ne kullum: samarin birni su ɓace hanya, su faɗa gidan waɗansu mutanen ƙungurmin daji masu cin naman mutane. Wanda ya fi shahara shi ne The Texas Chain Saw Massacre na 1974, wanda kuɗin shirya shi bai kai dala 140,000 ba. A 1980 aka yi Motel Hell, aka gauraya tsoro da ban dariya, inda manomi ke ƙyafe matafiya yana sayarwa. Yanzu irin waɗannan sun iso har ƙauyukanmu ta wayar hannu.

To, jama'a, abin da za a koya a nan shi ne tattali. Da ɗan abin hannu 'yan ƙungiyar Tumbin Giwa suka yi Turmin Danya a Kano a 1990, haka kuma marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya cika gidaje da dariya ba da tarin dukiya ba.

Abin da ba za mu ara ba kuwa shi ne mai da mutumin karkara dodo. Wanda ya san ƙasar Ɗambatta da Bichi da Minjibir ya san babu dajin da za a ɓuya a yi wannan ta'asa. Gona na jikin gona, gida na kallon gida, baƙo bai sauka ba sai mai unguwa ya ji. Su ne kuma suke kai gero da dawa birni.

Haɗarin ba na wasa ba ne. A wurinmu, in an ce wane yana cin mutane, maita ake nufi. Tsohuwar da aka laƙa wa wannan suna takan rasa maƙwabta, 'ya'yanta mata su rasa manema, wani lokaci har a kai ga duka. Kakanninmu sun fi mu dabara, gama Dodon tatsuniya ba maƙwabcin kowa ba ne, kuma Auta kan kā da shi da wayo.

Saboda haka ina roƙon malaman makaranta su riƙa tattauna waɗannan finafinai da yara, su tambaye su wa ake yi wa dariya. Masu shirya fim kuma su ba mu tsoro da Dodo, su bar manomi da mutuncinsa. Allah ya sa a gane, amin.