Kififiyar Teku na Raguwa: Abin da Ya Shafi Fadamunmu

Jama'ar Limawa da kewayen Dutse na iya tambayar abin da ya haɗa mu da kififiyar teku, alhali ruwanmu ba ya zuwa teku. Haka ne, Kogin Haɗejiya Tafkin Chadi yake nufa ta Komadugu Yobe. Amma abubuwan da ke ƙarar da ita a gaɓar Tekun Atlantika su ne muke gani a nan.

Wadda muke nufi ita ce mai bayan fata, domin ƙoƙon bayanta ba shi da tauri irin na kunkuru. Ita ce mafi girma a duniya, nauyinta kan haura kilo 500. Ƙasar Gabon na sahun gaba a wuraren da take yin ƙwai, haka nan tana fitowa a tsibirin Bioko da gaɓar Nijeriya. A 2013 ƙungiyar IUCN mai kula da halittu ta sanya ta cikin waɗanda ke fuskantar barazana, kuma yarjejeniyar CITES, wadda Nijeriya ta sa wa hannu, ta hana cinikinta tsakanin ƙasashe.

Macen kan fito da dare ta haƙa rami a yashi ta binne ƙwai, sai bayan kimanin wata biyu su ƙyanƙyashe. A wannan tsakanin ake tone su a kai kasuwa. Manya kuwa ragar masunta ke riƙe su su nutse, domin iska suke shaƙa. Wasu kan haɗiyi leda bisa zaton abinci ce, kamar dai yadda take kashe mana awaki.

A nan Jigawa tamu kififiyar ta ruwan daɗi ce. An sanya fadamar Baturiya cikin jerin dausayin Ramsar a 2008, sai dai madatsun Tiga da Challawa sun sauya yadda ambaliya ke shiga fadamun, ga kuma kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. A ganinmu kwasar ƙwai ta fi komai illa, saboda dabba ce da ke ɗaukar shekaru kafin ta fara haihuwa.

Don haka muna kira ga dagatai, masu unguwanni da sarakunan ruwa, musamman na yankin madatsar Warwade, da su faɗakar da masunta su bar ƙwan da suka tarar a gaɓa, su kuma mayar da kififiyar da raga ta kamo da ranta.