'Yan uku bakwaini: Doguwar tafiyar iyaye daga Tambuwal zuwa ɗakin kwalba a Sakkwato

Duk lokacin da wata mata ta haifi 'yan uku a Jihar Sakkwato, labarin kusan iri ɗaya yake fitowa: mai jego a kan gadon asibiti, jarirai uku a nannaɗe cikin zani, sai wakilin gwamnati ko na wani mai hali ya kai buhun shinkafa da turmin atamfa da ɗan kuɗi a ambulan.

Tallafin yana da amfani. Sai dai abin da ke raba rayuwa da mutuwa a wajen waɗannan jarirai yakan faru tun kafin a ɗauki hoton, kuma yana ci gaba har makonni bayan masu barka sun watse.

Ga iyalin da ke Tambuwal ko Kebbe, a kudancin jihar, lamarin ya fi nauyi. Babban sashen kula da jarirai marasa lafiya na jihar yana Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wato UDUTH, a birnin Sakkwato, kimanin kilomita 100 daga garin Tambuwal. Ƙauyukan Kebbe sun fi haka nisa.

Me ya sa 'yan uku ke zuwa da wuri?

Cikakken ciki mako 40 ne. Jaririn da aka haifa kafin mako 37 shi ne likitoci ke kira bakwaini, ko da ya wuce wata bakwai ɗin da sunan ya samo asali daga gare shi.

A cikin 'yan uku, haihuwa kafin lokaci ita ce abin da aka saba gani. Galibi suna zuwa ne a wajen mako 32 zuwa 33, kuma nauyin kowannensu bai cika kai kilo 2 ba. Mahaifa ɗaya ce ke ɗauke da uku, ta cika da wuri, naƙuda ta taso. Uwar kuma ta fi shiga haɗarin hawan jinin masu ciki da ƙarancin jini da zubar jini bayan haihuwa.

Jaririn mako 32 huhunsa bai gama ƙwari ba. Jikinsa ba shi da kitsen da zai riƙe ɗumi. Bai iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi lokaci ɗaya ba, domin wannan yakan zauna ne a wajen mako 34. Ƙwayar cutar da babba zai sha da ita ba tare da ya sani ba, tana iya kashe shi cikin kwana ɗaya.

Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, da takwarorinta suka fitar a 2023 sun nuna an haifi bakwaini miliyan 13.4 a duniya a 2020. Najeriya ce ta uku bayan Indiya da Pakistan, da kimanin 774,000. Binciken lafiya na ƙasa na 2023 zuwa 2024 kuma ya nuna jarirai 41 cikin kowane 1,000 ke rasuwa kafin su cika wata guda.

Motar da ta fi dacewa ita ce cikin uwa

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna ƙasa da kashi 10 cikin 100 na haihuwa a Jihar Sakkwato ne ake yi a asibiti. Ma'ana, mace za ta iya ɗaukar 'yan uku har ranar naƙuda ba wanda ya sani. Sai na farko ya faɗo a ɗaki, ungozoma ta shafa ciki ta ce akwai saura.

Daga nan ne ake fara neman mota. Jarirai uku, kowanne bai fi kwalbar lemo girma ba, a bayan motar haya, ta Shagari da Boɗinga zuwa Sakkwato, ko kuma ta Jega zuwa Birnin Kebbi. Idan da dare ne a yankin Kebbe, inda matsalar 'yan bindiga ta taɓa ƙauyuka, sau da yawa sai an jira gari ya waye.

Zafin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin maki 36.5 da 37.5. A daren hunturu, bakwaini yana iya yin sanyi cikin 'yan mintoci, kuma sanyin yana ƙara masa wahalar numfashi, yana ƙone ɗan sukarin da ke jininsa. Wanda ya isa asibiti a sanyaye ya riga ya rasa wani ɓangare na damarsa.

Hoton ciki guda ɗaya yana sauya wannan labari. WHO ta ba da shawarar a yi wa kowace mai ciki hoto kafin mako 24, ta kuma ga ma'aikacin lafiya sau 8 a tsawon cikin. Idan aka gano uku ne tun da wuri, za a tsara ta koma kusa da babban asibiti kafin naƙuda. Za kuma a iya yi mata allurar deksametason mai ƙarfafa huhun jariri idan haihuwa ta matso. Wani gwaji da WHO ta jagoranta a ƙasashe 5, har da Najeriya, wanda aka wallafa a 2020, ya nuna allurar ta rage mutuwar jarirai daga kashi 23.5 zuwa 19.6 cikin 100 a tsakanin matan da ke tsakanin mako 26 da 34. Sharaɗin shi ne a san shekarun cikin daidai, kuma a yi ta a asibitin da ke da kayan kula da bakwaini.

Abin da ke jiran iyaye a asibiti

Wanda bai taɓa shiga ɗakin jarirai ba yakan ɗauka kwalba ce ke yin komai. Aikin kwalba ɗumi ne kawai. Akwai iskar oksijin da na'urar da ke taimaka wa huhu ya buɗe, akwai fitila mai shuɗin haske ta maganin shawara, akwai ƙarin ruwa da allurai da gwajin jini. Duk waɗannan suna buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa da ma'aikaciyar jinya mai ido a kan jaririn dare da rana. 'Yan uku kuma gado uku suke ci lokaci guda a ɗakin da dama a cike yake.

Sai ciyarwa. Ana ba bakwaini nono duk bayan awa 2 zuwa 3, ta siririn tiyo da ake zurawa ta hanci ko baki, daga baya da ɗan kofi. Sau 8 a rana ga jarirai uku, ciyarwa 24 ke nan. Matar da aka yi wa tiyata jiya ita ce za ta tashi tana tatsa, domin nonon uwa, musamman dakashi na kwanakin farko, yana kare hanjin bakwaini daga wani mugun kumburi da madarar gwangwani ke ƙara haɗarinsa. Zubar da dakashi da sunan ƙazanta asara ce babba.

Uban kuma yana waje. Shi ne mai zuwa kantin magani, mai neman wanda zai ba da jini, mai kwana a baranda. Idan damina ce, gonarsa tana can ba mai nome ta. Sauran yara suna gida a hannun kaka ko abokiyar zama. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fitowa, kuma a nan kowane lissafi sai an ninka shi uku. Shi ya sa likitocin yara a Najeriya suka daɗe suna kokawa da iyayen da ke sa hannu su ɗauke jariri kafin a sallame shi. Yawanci aljihu ne ya ƙare.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa iyaye tun farko ba: jariran ba lallai su warke tare ba. Ana iya sallamar ɗaya, biyu su rage. Ana iya rasa ɗaya, uwa ta share hawaye ta koma tatsa wa sauran. Irin wannan uwa tana buƙatar mai saurarenta, domin damuwa bayan haihuwa ciwo ce da ake magani.

Ƙirji uku ga jarirai uku

A 1978, wani likitan yara mai suna Edgar Rey a birnin Bogota na Kolombiya ya rasa isassun kwalabe, sai ya fara ɗora jarirai a ƙirjin iyayensu mata, fata na taɓa fata, a ɗaure da zani. Wannan shi ne abin da ake kira kulawar kangaru.

A 2021 an wallafa sakamakon wani gwaji a Ghana da Indiya da Malawi da Tanzaniya da kuma Ile-Ife a Najeriya, a kan jarirai 3,211 masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da kilo 1.8. Waɗanda aka ɗora a ƙirji nan take bayan haihuwa, mutuwarsu ta ragu da kashi ɗaya cikin huɗu idan aka kwatanta da waɗanda aka jira sai sun farfaɗo a kwalba. A Nuwamban 2022 WHO ta sauya ƙa'idarta: a fara tun daga haihuwa, awa 8 zuwa 24 a rana, sai dai jaririn da ya kasa numfashi da kansa ko yake cikin mawuyacin hali.

Awa 8 sau uku awa 24 ke nan. Ko da uwa za ta rungumi biyu lokaci ɗaya, ba za ta iya ita kaɗai ba. A nan ne gidan Bahaushe yake da abin da ƙasashe masu arziki ba su da shi: kaka da gwaggo da inna da yaya. Kowace mai lafiya da tsafta za ta iya. Uba ma zai iya, kuma ƙa'idar ta yarda da shi. Kunyar ɗan fari ko maganar mutane ba ta kai ran jariri ba.

Amma sai asibiti ya buɗe ƙofa. Idan dokar ɗaki ta ce uwa kaɗai ke shiga, na 'yan mintoci, kuma babu gadon da za ta kwanta kusa da 'ya'yanta, to an rufe hanya mafi araha.

Idan nono bai isa ba, shayarwar wata mace abu ne da Musulunci ya sani, da hukuncinsa na haramcin aure tsakanin waɗanda suka sha nono ɗaya. Abin da ake buƙata shi ne a yi wa mai shayarwar gwajin cututtukan da ke bin nono da jini, a yi da sanin likita, a kuma rubuta wa ya sha nonon wa.

Bayan an koma gida

Sallama ba ita ce ƙarshen haɗari ba. Cincirindon 'yan barka, kowa na karɓar jariri daga hannu zuwa hannu, hanya ce ta kamuwa da cuta. Za a iya raɗa suna ranar bakwai jariran suna asibiti, a ɗage taro. Wankan jariri da asuba, gasa cibiya, ɗura ruwa ko jiƙo, da cire beli a hannun wanzami, duk abubuwa ne da jikin bakwaini ba zai ɗauka ba.

A koma asibiti nan take idan jariri ya ƙi shan nono, ko jikinsa ya yi sanyi ko zafi, ko yana numfashi sama da sau 60 a minti, ko yana jijjiga, ko shawara ta sauka har tafin hannu da ƙafa. A tambayi likita game da duba ido tun kafin a bar asibiti, domin akwai ciwon ido na bakwaini da ke makantarwa idan ba a gano shi a makonnin farko ba. A kuma ci gaba da rigakafi da awon nauyi a asibitin da ya fi kusa.

Ina ya kamata tallafin ya tafi?

Sakkwato ta taɓa nuna cewa ana iyawa. A 2013 ta zama jiha ta farko a Najeriya da ta sayi man cibiya na kuloheksidin ta raba shi har ƙauyuka ta hannun matan unguwa. Wannan hanyar za ta iya kai saƙon hoton ciki da ɗora jariri a ƙirji.

Ba kowane asibiti ne zai zama UDUTH ba. Amma Babban Asibitin Tambuwal, da yake kan babbar hanya, shi ne wurin da ya dace a ce akwai ɗakin jarirai na matsakaicin mataki: wutar sola, oksijin, fitilar shawara, gadajen uwa da jariri, da ma'aikatan jinyar da ba za a riƙa sauya musu sashe ba. Zai tare jariri ya ɗumama shi kafin a wuce da shi, ya kuma karɓe shi idan ya fara murmurewa, iyaye su dawo kusa da gida. Kayan aikin ma ba sai daga waje ba: Farfesa Hippolite Amadi ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin NLNG a 2023 saboda na'urorin numfashin jarirai masu aiki da hasken rana.

A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Ga mai 'yan uku, tiyatar rana ɗaya ce, jinyar jarirai kuma makonni. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, SOCHEMA, da Hukumar Zakka da Waƙafi suna iya cike wannan giɓi idan suka yi doka mai sauƙi: duk macen da hoto ya nuna tana ɗauke da uku, a yi mata rajista a ranar, a ɗauki nauyin mota da jinya da abincin masu jinya har zuwa sallama.

Irin wannan ciki ba shi da yawa, don haka kuɗin ba zai karya baitulmali ba. Kuma ɗakin da aka shirya domin jarirai uku, shi ne zai karɓi ɗaruruwan bakwaini da ake haifa ɗaya-ɗaya a Dogon Daji da Jabo da Sanyinna da Kuchi, waɗanda babu mai zuwa ɗaukar hotonsu.