Ƙorafi Zuwa Ga Shugabar Hukumar NAFDAC Kan Tallar Maganin Ƙwaƙwalwa

Ranki ya daɗe,

Mu masu jinyar iyayen da mantuwar tsufa ta kama, da waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, mun kawo kukanmu gabanki.

A tashar mota da bakin kasuwa da gidajen rediyo, ana tallar garin zogale da man habbatus sauda da ƙwayoyin ginkgo, wai suna wanke ƙwaƙwalwa, suna dawo da tunani, har suna kare mutum daga shanyewar jiki. Wanda duk ya nuna shakka sai a nuna masa lambarku a jikin kwalba, bakinsa ya mutu. Alhali lambar da ke ƙarewa da harafin L tana nufin an duba rashin illar abin ne kawai, ba a tabbatar yana warkarwa ba. Akan rubuta hakan a jikin kwali, amma da Turanci da ƙananan haruffa. Mai lasifika kuwa da Hausa yake magana, kuma shi tsohuwa take ji.

In masu tallar sun ce "bincike ya tabbatar", galibi binciken a kan ɓeraye aka yi shi. Da aka gwada ginkgo a jikin mutane a Amurka, tsofaffi sama da 3,000 na tsawon kusan shekara 6, sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna bai hana ciwon mantuwa ba. A 2019 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba da shawarar shan bitamin B da E ko haɗe-haɗen ƙarin sinadarai don wannan manufa.

Asarar kuɗi ƙarama ce a kan abin da muke gani a gidajenmu. Dattijo mai hawan jini ya ajiye maganin asibiti ya koma kwalbar kasuwa, ga shi hawan jinin ne kan gaba wajen jawo shanyewar da yake gudu. Wani kuma ya haɗa ginkgo da asfirin, bai san haɗin kan iya jawo zubar jini ba.

Ba raina itatuwa muke yi ba. Galantamine da likitoci ke bai wa masu cutar Alzheimer daga tsiro aka samo shi, kuma cibiyar NIPRD ta Abuja ta fitar da Niprisan na masu sikila daga tsirran ƙasar nan. Gwaji ne ya ba su daraja, shi muke so a yi wa zogale da 'yan uwansa, a jikin mutanenmu, a asibitocin koyarwa.

Kafin nan muna roƙon ki sa a riƙa karanta wancan gargaɗi na jikin kwali da Hausa, da murya, cikin kowace talla, kuma a janye lambar duk wanda ya yi iƙirarin warkar da mantuwa ba tare da hujja ba.

Allah ya taya ki riƙo.

Masu jinyar iyayensu, daga Kano