Ciwon Cikin Yaran da Ba Su Faɗi: Abin da Annobar Korona ta Tona

Ran 19 ga watan Maris na 2020 hukumomin kiwon lafiya suka ba da sanarwar mutum na farko da ya kamu da cutar korona a ƙasar Nijar. Kafin watan ya ƙare an rufe iyakoki da makarantu, an kafa dokar hana fitar dare a Yamai, an kuma hana shiga da fita birnin har tsakiyar watan Mayu. An yi lissafin hasarar ƴan kasuwa da ta masu motocin haya. Akwai dai waɗansu da lissafi bai biyo ta kansu ba, wato yara masu lalurar galahanga, wadda lokotoro ke kira otizim.

Wannan lalura ba hauka ba ce, ba kuma aikin iskoki ba ne. Yanayi ne na ginuwar ƙwaƙwalwa da ke bayyana tun ƙuruciya: yaro ya yi jinkirin magana ko ya rasa ta, ya guji haɗa ido da mutane, ya tsani a sauya masa abin da ya saba. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne yawan ciwon ciki a wurin waɗannan yara. A 2014 masana a Amurka sun tattara binciken da aka yi a baya, suka tarar damuwar ciki ta fi samunsu wajen ninki 4 bisa sauran yara, taurin bayan gida da zawo kuwa fiye da ninki 3.

Dalili ɗaya a fili yake. Irin wannan yaro yakan kafe a kan abinci iri ɗaya ko biyu, farar shinkafa ko burodi, ya ƙi wake, ya ƙi zogale da miyar kuka, ruwa ma sai an matsa masa. Bayan gida ya yi tauri, fitarsa ta yi zafi, yaro ya ji tsoro ya riƙe, abin ya ƙara tauri. Idan ya daɗe, sai mai ruwa-ruwa ya riƙa zurarowa ta gefen wanda ya toshe hanya, uwa ta ga wando ya ɓaci ta ɗauka zawo ne, ta sayo maganin tsayar da zawo a teburin mai magani. Ta ƙara wa cuta ƙarfi ke nan ba da saninta ba. Shi kuwa yaron ba ya iya cewa cikina ke ciwo. Sai dai ya yi ta kururuwa, ya ciji hannunsa, ya danna cikinsa a bakin gado, barci ya gagare shi. Maƙwabta su ce iskokin sun motsa.

Annoba ta tarar da wannan hali ta tsananta shi. Zaman gida ya rage wa yara motsi, ga zafin watan Afrilu mai busar da jiki, ga tsarin yini da suka saba ya wargaje. Tsoron kamuwa ya sa iyaye gudun gidan likita, yaron da ba ya jure taɓawa kuma ba ya yarda a ɗaura masa takunkumi. Ƙwararrun lokotoron yara da na ƙwaƙwalwa galibinsu a Yamai suke. Iyalin da ke Damagaram, wajen kilomita 900 daga can, ko da suna da kuɗin mota, hanya a rufe take. Ba Nijar kaɗai ba: a watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cikin ƙasashe 105 da ta tambaya, kashi 90 cikin 100 sun ga tangarɗa a ayyukan asibiti na yau da kullum.

Akwai kuma batun kuɗi. Tun 2006 gwamnati ta sa kulawa da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Mataki ne mai kyau ƙwarai, amma galahanga ba ta ƙarewa a shekara 5, sau da yawa ma sai bayan nan ake gane ta, lokacin da kowace takardar magani ta koma wuyan uba.

A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar gaggawa a kan korona, amma nisan Tawa ko Maraɗi daga ƙwararru yana nan yadda yake. Alhali taurin bayan gida ba ya bukatar babban asibiti. Ma'aikacin ƙaramin gidan likita na ƙauye yana iya maganinsa, in an horar da shi ya tambayi uwa yaushe rabon yaron da bayan gida da yadda yake fita, ya lallaɓa ya taɓa cikin, ya ba da maganin laushi tare da shawara kan ruwa da ganye. Ya san kuma alamun da ba a jira da su: amai mai kore, kumburin ciki, jini a bayan gida, ko rama. Wannan horo aikin hukumomin lafiya na jahohi ne.