Sifiri Daban, Babu Daban

Akwai wani darasi na ilmin kwamfuta da ya cancanci a ba shi muhimmanci a makarantun sakandare, wato yadda ake ɗaure jerin bayanai a aika da su ta intanet ba tare da ma'anarsu ta zube a hanya ba.

A ɗauka cewa malami a Kurugu, cikin yankin Karaye da Rogo, zai tura makin ɗalibai huɗu zuwa ofishin ilmi ta wani shafin intanet. Na farko ya ci 60, na biyu ya zauna jarrabawa bai ci kome ba, na uku yana kwance da zazzaɓi bai zo ba, na huɗu kuwa ya ci 75. A cikin burawuza, wato manhajar da ake buɗe shafukan da ita, harshen JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙiro a 1995, yana riƙe makin ne a matsayin jeri. Amma jerin ba zai bar ƙwaƙwalwar na'ura ba sai an mayar da shi rubutu, kamar yadda hatsi ba ya zuwa kasuwa sai an ɗura shi a buhu.

Buhun da aka fi amfani da shi a yau shi ne JSON, tsarin da Douglas Crockford ya yaɗa tun farkon shekarun 2000, aka kuma tabbatar da ƙa'idarsa ta ECMA-404 a 2013. Umarnin JSON.stringify, wanda ya shiga ƙa'idar harshen a 2009, zai mayar da makin nan haka: [60,0,null,75]. Baka mai kusurwa ta buɗe ta rufe, waƙafi ya raba tsakani, kalmar null kuma tana nufin babu kome a gurbin.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Idan aka kwance buhun da umarnin JSON.parse aka shiga tara lambobi, JavaScript yana lissafa null tamkar sifiri. Mai rubuta manhaja da bai lura ba zai raba 135 gida huɗu, ya sami 33.75, alhali matsakaicin makin waɗanda suka zauna 45 ne. Ke nan an mayar da majinyaci wanda ya faɗi, an kuma rage wa malami darajar aikinsa, ba tare da na'ura ta nuna wani kuskure ba.

Lamarin bai tsaya ga maki ba. Manhajar DHIS2, wadda Nijeriya ke tattara rahotannin asibitoci da ita, tana musayar bayanai da wannan tsari. Asibitin da ya ce bai ga mai ƙyanda ko ɗaya ba, daban yake da wanda bai aiko da rahoto ba.

Wasu za su ce makarantun karkara ba su da isassun kwamfutoci, balle wutar lantarki. Gaskiya ne, sai dai wannan darasi allo da alli sun ishe shi. Malami ya rubuta jerin, ɗalibai su ɗaure shi su kwance, su yi gardama a kan gurbin wanda bai zo ba. Ɗalibin da ya saba tambayar ko wannan sifiri ne ko babu, zai amfani jama'a duk ofishin da ya sami kansa.