Ƙananan Zalɓe Biyu a Gonakin Shinkafar Kura

Manomin da ke ban ruwa a Kura ko Bunkure ya san balbela, ya san zalɓe, ya kuma san jan baki da ke hana shi barci. Amma akwai wasu ƙananan tsuntsaye biyu, dangin zalɓe, da suke rayuwa a gefen gonarsa ba tare da ya lura ba. Girmansu bai wuce na tantabara ba. In ɗayansu ya ji motsi sai ya miƙe wuya, ya ɗaga baki sama, ya daskare har ya saje da ciyawa.

Na farko, namijinsa baƙin baya gare shi, da tabo mai ruwan ƙasa a fiffike. Ɗan cikin kachala ne. Wasunsu a Afirka suke haihuwa, wasu kuma daga Turai suke ƙetaro Sahara bayan damina. Yawansu ya ragu ƙwarai a Turai a shekarun 1970 da 1980, masana kuma sun danganta hakan da farin da ya busar da fadamun Sahel a lokacin.

Na biyu ya fi ƙanƙanta, bayansa toka-toka mai shuɗi, ƙirjinsa zane-zane. Shi bai san Turai ba. Ruwan sama yake bi, ya zo arewa da damina, ya yi sheƙa a bishiyar da ruwa ya kewaye.

Ke nan abin da zai kori ɗaya daban ne da na ɗayan. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ruwa bai yanke wa wannan yanki ba, kachala kuwa ta samu gindin zama, ta toshe magudanai. Manoma suna da gaskiya da suke yaƙarta. Sai dai cinna wa kowane kududdufi wuta da rani yana raba na farkon da mafaka, saran bishiyoyin fadama domin itace kuma yana hana na biyun wurin ƙwai. Maganin feshi da ke gangarawa cikin ruwa ya haɗa su duka, domin abincinsu kwaɗi ne da ƙananan kifi da fara. Ba sa taɓa shinkafa ko ƙwaya ɗaya.

Duka biyun ba su kai ga shiga jerin masu fuskantar ƙarewa ba tukuna. Babban ɗan'uwansu na Ostareliya ya riga ya shiga, kuma a gonakin shinkafar yankin Riverina na ƙasar aka gano yana haihuwa. Tun 2012 manoman can suke aiki da masana don kare shi.

A nan ma, Hukumar Kogin Hadeja da Jama'are da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa za su iya share manyan magudanai tas, su bar kachalar da ke tsofaffin ramuka da ƙarshen magudanan zubar da ruwa, inda ba ta tare wa kowa hanya. Iyaye kuma su ja kunnen yara masu danƙo.